Diga ɗaya, rami iri uku: nazari kan aikin wani manomin Adar

Kawuna manomi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Badagishiri da Illela, cikin yankin Adar na jihar Tawa, a Nijar. Diga ɗaya gare shi tun ina yaro, ƙota kawai yake sauya mata in ta tsage. A rani guda na ga digar nan ta yi aiki wuri uku: filin furoje, wato aikin gyaran ƙasa na masu ba da agaji, da ke kan tudun gari, da fakon wani ɗan kasuwa da ya ɗauke shi barema, da nasa fakon da ya saya da kuɗin bida, wato ci-rani. Duk wanda ya zagaya wuraren nan uku bai san labari ba, zai rantse mutum uku ne suka yi aikin, ɗaya rago, ɗaya mai gaggawa, ɗaya gwani. Alhali hannu ɗaya ne, cikin wata biyu, ƙarƙashin rana ɗaya.

Ga wanda bai san Adar ba, fako ƙasa ce da iska da ruwa suka kwashe mata naman sama, ta daskare kamar an yi mata daɓe. Ruwa in ya sauka a kanta gudu yake yi ya faɗa kwari, ko ciyawa ba ta kama. Bayan farin 1973 da na 1984 irin wannan ƙasa ta yawaita, har aka daina lissafa ta cikin dukiyar gida. A 1989 wani shiri da asusun bunƙasa noma na duniya, FIDA, ya ɗauki nauyinsa ya kai manoma 13 na yankin Illela zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako a zuba taki a shuka a ciki. Mutanenmu sun san irin waɗannan ramuka, tassa, tun da, sai dai ƙanana suke yi, ba taki. Da suka dawo wasu suka gwada a ɗan fili. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki da yawa suka ƙone, hatsin cikin tassa ya kai. Daga nan ba wanda ya ƙara buƙatar wa'azi. Binciken da aka yi a yankin tsakanin 1991 da 1996 ya nuna hektar da aka yi wa tassa tana ba da kilo 500 da ɗoriya a matsakaici, wadda aka bari haka nan kuwa kilo 125.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Fakon da a da ko kyauta aka ba mutum sai ya yi dariya, sai ga shi ana ciniki a kansa. Kasuwar fako ta buɗe, farashi ya yi ta hawa, aka samu samari waɗanda sana'arsu ke nan da rani, haƙa wa mutane tassa a biya su. Cikin wannan yanayi Kawu ya yi aikinsa.

Ramin furoje

Filin furoje na gari ne, wato na kowa. Rami mai siffar rabin wata ake haƙawa a can, faɗinsa mita 4, hekta ɗaya tana ɗaukar 313 bisa ƙa'idar masu aikin. Ana zana maka da igiya da ƙusa, ka haƙa, ka tara ƙasar ta ɓangaren gangare ta zama ganuwa mai tare ruwa. Da azahar mai rubuta suna ya zo da littafinsa ya ƙirga, a ƙarshen mako biyu ko wata a biya, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da hatsi da mai.

Na tsaya kusa da Kawu ina kallo. Yana sara sama-sama, daidai inda ƙasa ke da sauƙi. In diga ta ci karo da marmara sai ya kauce mata. Ganuwar kuma tarawa kawai yake yi, ba ya dannewa da bayan shebur, ba ya jera mata dutse. Na ce, "Kawu, wannan ai ruwan farko zai tafi da ita." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ɗan nan, adadi suke saye. Ka ga zurfi a littafin?"

Bai yi ƙarya ba. Mai ƙirga shi ma albashinsa ba ya ƙaruwa don rami ya yi zurfi, ba ya raguwa don ganuwa ta fashe a watan Yuli. Wanda ke samansa rahoto yake jira mai cewa an gyara hekta kaza, a aika Yamai, daga can a aika wa masu ba da kuɗi. Daga mai diga har mai sa hannu a ofis, kowa ya samu abinsa tun kafin hadari ya haɗu. Itatuwan da aka dasa cikin ramukan kuwa, da kuɗin mai gadi ya ƙare awaki suka gama da yawancinsu, har da awakin gidan Kawu, kuma ba wanda ya ji an yi masa ɓarna.

Kada a ɗauka ina cewa aikin gwamnati da furoje banza ne. Wanda ya san Keita, a nan jihar Tawa, kafin 1984, lokacin da shirin gyaran ƙasa na Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya fara, ya kuma gan ta bayan shekara ashirin, ba zai faɗi haka ba. Madatsun ruwa, jigilar duwatsu da manyan motoci, farfasa tudu da tarakta, babu manomin da zai iya su da digarsa. Kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan wannan aiki a ka, don maza suna Abijan da Legas, abincin da hukumar abinci ta duniya ke biya da shi ya riƙe gidaje da yawa. Sai dai ko a can, wuraren da aka gyara aka raba wa mutane suka san nasu ne sun fi daɗewa da rai a kan waɗanda aka bari da sunan na gari.

Ramin barema

Alhajin da ya ɗauki Kawu ɗan kasuwar albasa ne, ya sayi fako babba ya ce a yi masa tassa. Shekarar farko kuɗin yini ya biya. Ma'aikata suka riƙa zuwa da hantsi, a sha fura, a yi hira, a yi alwala tun azahar da saura. Ramukan ba laifi, amma aikin kwana goma ya ci kwana ashirin. Shekara ta biyu ya ce shi fa ya gane, da rami zai biya. Nan take gudu ya zo. Kawu yakan fita tun sallar asuba, kafin rana ta yi zafi ya cika adadin da a da yake yi yini guda. Ramukan kuma suka koma kamar sawun raƙumi, faɗi ba zurfi, ƙasar da aka tono a watse ko'ina maimakon a tara ta ƙasan rami.

Alhaji ba wawa ba ne, kuma kuɗinsa ne ke ƙonewa, wannan shi ne bambancinsa da mai littafin furoje. Sai ya yanke kara daidai tsawon da yake so ya ba ƙanensa, duk ramin da karan bai nutse ba ba a ƙirga shi. Zurfi ya gyaru. Amma kara yana auna zurfi ne kawai. Ba ya gaya maka ko an sa taki cikin hannu biyu ko an barbaɗa don ido, ko an rufe shi da 'yar ƙasa don iska kada ta kwashe, ko an jera ramukan a karkace yadda ruwan da ya tsere wa na sama zai faɗa na ƙasa. Duk abin da aka auna ya inganta, abin da ba a auna ba ya zauna yadda yake. Kuma ƙanen da ke yawo da kara shi ma sai an ci da shi, an biya shi.

Daga baya Alhaji ya yi wata dabara da ta fi karan. Ya ware mutum biyu cikin masu yi masa aiki ya ce su noma wani ɓangare a raba amfani. Ɓangaren nan ya fi sauran kyau tun daminar farko, ba tare da kowa ya bi su da kara ba.

Ramin kansa

A fakonsa Kawu wani mutum ne daban. Tun kaka ta wuce yake farawa, lokacin da ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba. Rami kusan taku ɗaya tsakaninsa da ɗan uwansa, zurfi ya wuce tsawon tafin hannu, faɗi kamar bakin ƙwarya. Hekta tana cin dubban ramuka, shi kuwa kowanne sai ya durƙusa ya kwashe ƙasar da hannu ya tara ta gefen gangare ya danna. In ya tarar da marmara ba ya kaucewa, sai ya tono ta ya kai iyaka ya ƙara a jerin duwatsunsa. Taki kuma tun damina yake tara shi a bayan gida, har kashin awakin da ke kwana a zaure sai an share masa an zuba. Yana zuba shi da wuri don gara ta samu lokaci. Ya taɓa kama hannuna ya sa cikin wani tsohon rami ya ce in ji. Ƙasar ta yi laushi, duk ƙofofin gara ne kamar rariya. "Waɗannan su ne baremana," in ji shi, "ba sa neman kuɗin yini."

Ba mai ƙirga masa, ba mai auna masa. Rumbu ne zai faɗi gaskiya a watan Oktoba, kuma rumbun nasa ne.

Gonar aro

Amma wannan fako ba shi ne na farko da ya raya ba, kuma a nan ainihin lamarin yake. Shekaru kafin ya saya, wani dattijo daga cikin dangin masu gari ya ara masa wani fako a bakin hanya. Da baki aka yi, gaban mutum biyu, ba a faɗi shekaru ba. Dattijon ma cewa ya yi, "Je ka yi ta fama, in ka samu wani abu Allah ya sa albarka." Kawu ya haƙa, ya yi jigilar taki da amalanken haya, ya jera dutse. Shekara ta farko ya samu kaɗan, ta biyu ya fi, ta uku duk mai wucewa sai ya tsaya kallo. A ta huɗu dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka zo rabon gado suka ce suna son gonar ubansu.

Aka je gaban maigari, aka wuce wurin sarki. Kawu bai taɓa musun cewa ƙasar tasu ce ba. Abin da ya ce shi ne fako aka ba shi, gona ake karɓa, to wa zai biya shi abin da ke tsakani? Magada suka ce ai ya ci amfanin shekara uku ba a karɓi ko zangarniya a hannunsa ba. Hukuncin da aka yanke shi ne ya girbe abin da ya shuka a wannan damina, bayan kaka ya tashi. Bisa al'ada hukuncin daidai ne, ni ma da aka ba ni kujerar ban san abin da zan faɗa ba ban da haka. Amma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma duk ƙauyen sun gani.

Abin da ya faru bayan shari'ar ya fi shari'ar kanta nauyi. Har yau Kawu yana noma wata gonar aro a jigawa, kuma bai taɓa kai mata ko kwando ɗaya na taki ba. Ya shuka, ya yi noma biyu, ya girbe, ya kwashe har karan. Ba shi kaɗai ba, duk mai gonar aro a garin ya ɗauki darasi. Gonar da ta yi kyau ita ake karɓewa, don haka mai hankali ba ya bari ta yi kyau sosai.

Masu ba da aron su ma suna da nasu tsoron, kuma yana da tushe. A watan Disamba na 1974, 'yan watanni bayan ya karɓi mulki, shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi shelar cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar taimakon talaka ce, a raba shi da biyan masu ƙasa. Sai dai dattawa ba su manta ba. Tun daga lokacin mai ƙasa ya koyi cewa aron da ya daɗe yana iya zama mallaka, sai ya riƙa karɓe gonarsa bayan 'yan shekaru ko da ba ya buƙatarta, ya hana mai aro dasa itace ko gina rijiya, don itace shaida ne. Kowane ɓangare yana kare kansa, ƙasar ce ke ramewa a tsakani.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo da magani a rubuce. Ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, a matakin gunduma, daga baya aka kai su har ƙauye. Ana iya rubuta takardar saye, ta kyauta, ta jingina, ta haya, har da ta aro mai ɗauke da adadin shekaru. Da an rubuta wa Kawu shekara goma, da ya san lissafin da zai yi, magada ma da sun san ranar da za su jira. Lokacin da ya tashi sayen nasa fakon, bai miƙa ko dala ba sai da maigari da shaidu suka taka iyaka da ƙafa aka buga hatimi. Takardar tana cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, tare da katinsa na ɗan ƙasa. Amma takardar aro har yanzu ba ta karɓu sosai ba. Ka ce wa surukinka ko maƙwabcinka ya zo a rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne.

Haka labarin itace yake. Tun dokar Faransawa ta 1935, har dokar gandun daji ta 1974, manomi ya san gawon da ya tsiro a tsakiyar gonarsa ba shi da iko a kansa, in ya sare reshe jami'in gandun daji na iya cin sa tara. To me zai sa ya bar shi ya girma? Tun yana tsiro ake tumɓuke shi. A kwarin Majiya, wajen Buza, inda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasa layukan bedi masu tare iska a 1975, itatuwan sun yi kyau, amma da lokacin sara ya yi sai tambaya ta taso: na mai gona ne, na waɗanda suka dasa ne, ko na gwamnati? Sassabin zamani, wato barin itacen da ya tsiro da kansa a gona ana yi masa aski, da ya faro daga Maradi a shekarun 1980 ya bazu ne daidai lokacin da manoma suka fara jin cewa abin da suka kula da shi nasu ne. Masu bincike da hotunan sama sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawansu ba wanda ya biya aka dasa. Doka ce ta biyo manoma a baya, da gyaran 2004 da kuma ƙudurin 2020 kan sassabin zamani. A fakon Kawu yanzu akwai gawo da kalgo da magarya da suka fito daga irin da ke cikin taki, kowanne ya yi masa aski ya bar kai ɗaya ko biyu. A gonar aro ko sabara ba ya bari.

Kawu a matsayin mai gida

Akwai wurin da nake tsokanarsa. Shi ma ai ubangida ne. 'Ya'yansa maza suna yi masa aikin gandu, amfanin ya shiga rumbunsa, shi ke da mabuɗi. Kowannensu kuma yana da gamana, ɗan filin da yake nomawa a ranakun da aka sake shi, abin da ya fito nasa ne, ya sayi waya ko ya tara kuɗin aure. Kullum Kawu cikin ƙorafi yake wai yaran zamani ba su da ƙashin aiki, a gandu suna jan ƙafa, amma ka je gamanar babban ka ga ko ciyawa ɗaya babu. Na ce masa, "Kawu, to ai gandunka shi ne furojensu." Ya yi shiru, sannan ya ce ba ɗaya ba ne, don tuwon da suke ci da dare daga gandu yake fitowa.

Yana da gaskiya a nan ma, rabi. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet 'yan filayen da aka bar wa manoma na kansu ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba, amma suna ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙasar ke samarwa. Ana yawan kawo wannan misali, ba a cika faɗin cewa dabbobin waɗannan filaye da abincin gonar gwamnati ake ciyar da su ba. Haka gamanar ɗan Kawu take: da tuwon gandu yake samun ƙarfin nome ta, kuma na sha ganin takin gidan yana bin hanyar da ba ta gandu ba da sassafe.

Mallakar nan kuma ba kowa ta yi wa rana ba. Waɗanda suka sayar da fako da arha a shekarun yunwa, yau 'ya'yansu ne ke barema a kansa, masu hannu da shuni suka tara filaye. Fakon da ake cewa ba na kowa ba hanyar dabbobi ce da wurin hutawarsu, Fulani da Buzaye suka wayi gari an jere shi da dutse an shuka hatsi, rigimar burtali ta ƙaru. Matar Kawu ta fi kowa ɗaukar taki a ka zuwa fakon nan, sunanta ba ya cikin takardar da ke akwatin ƙarfe. Ita ma tana da 'yar gamanarta ta kuɓewa da yakuwa, wadda ya ba ta da baki, ba a faɗi shekaru ba.

Zuwana na ƙarshe na tarar an sake kawo aikin rabin wata a tudun nan dai na da, a kan sawun tsofaffin da suka shafe. Wannan karon an kafa kwamitin gari da zai riƙa sayar da ciyawar da ta fito a biya mai gadi daga ciki, har an fara gardama kan wanda zai riƙe asusun. Kawu ya rubuta sunansa cikin masu aiki, da kuɗin yake so ya sayi buhunan takin tumaki daga wani mai kiwo a Badagishiri. Da la'asar ya dawo daga tudu, ya sha ruwa, ya sake saɓa digar ya nufi nasa. Na ce ya huta mana, gobe ma rana ce. Ya ce akwai layi biyu da iska ta cike masa da rairayi, yana so ya kwashe kafin magariba.